Daga Maraɗi zuwa gidan tarihin gine-gine na Jos: yadda za ka je, da abin da za ka duba in ka isa

Ranar nan muna zaune majalisa bayan isha'i, kuran ya ɗauke, kowa ya gudo waje don ɗakin kwano ya koma tanda, sai wani ƙanena da ke koyon aikin maso ya ce mini, "Yaya, wai da gaske akwai wurin da anka tara gine-gine kamar yadda ake tara takubba da tukwanen da, mutum ya biya kuɗi ya shiga kallo?" Na ce mishi akwai mana. A Paris ma akwai wani babba da anka buɗe a 2007 daura da hasumiyar Eiffel, cike da maket, wato ƙananan kwaikwayon gine-gine, da kwafin ƙofofin majami'u, amma wannan sai mai biza da kuɗin jirgi. Wanda ya shafe mu yana nan kusa, a Jos cikin Najeriya, ana ce mishi MOTNA, gidan tarihin gine-ginen gargajiya, kuma can ba ƙananan maket ba ne cikin gilashi, gini ne sosai da girmanshi, ka shiga ciki ka taka ka taɓa. Na yi mishi alkawarin zan rubuta yadda ake zuwa, to ga shi.

Abin da ya sa nake ganin mu 'yan Maraɗi mun fi kowa bukatar wannan tahiya: tsohon garinmu ruwa ya ci shi. A 1945 Gulbi ya yi ambaliya ya rushe tsohuwar Maraɗi da ke cikin fadama, Turawan Faransa sunka maido mutane bisa tudu, sunka ja layuka miƙaƙƙu sunka yanka kare-kare. Shi ya sa ɗan Damagaram zai kai ka Birni ya nuna maka lungunan kakanninshi, ɗan Agadas ya nuna maka hasumiya mai tsawon metir 27, mu ko garin da Sarki Ɗan Kasawa da Katsinawanshi sunka zauna bayan jihadi babu shi a tsaye. Yaronmu ya tashi yana ganin birgi da tol kawai, sai ya ɗauka ginin ƙasa na talaka ne wanda bai samu kuɗin siminti ba.

Fara da zaɓen lokaci. Kar ka je da damina. Ni karon farko cikin watan Agusta na je, ruwa tun sahe har la'asar, na ƙare rakuɓe cikin wani zaure ina kallon indararo na zuba, rabin wurin ban gani ba. Jos bisa dutse take, sama da metir 1,200, ruwanta ya fi namu nesa ba kusa ba kuma yana daɗewa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, amma ka ɗauki rigar sanyi mai kauri, sanyin Jos ba irin namu ba ne, da asuba sai ka ji kamar an zuba maka ƙanƙara cikin ƙashi. Ka kuma kauce ma ranakun salla da ranakun hutu, don gidan namun daji na maƙwabtaka da wurin, yara ke cika ko'ina, ba za ka samu natsuwar auna komi ba.

Sai takardu da kuɗi. Ka riƙe katin ɗan ƙasa ko fasfo wanda bai mutu ba, da karnen allurar shawara. Al'amarin iyaka ya yi ta canzawa tun 2023, an rufe an buɗe, don haka kwana biyu kafin ka tashi ka je tasha ka tambayi direbobin da ke bin Ɗan Isa zuwa Jibiya kullum, su ke da labarin yau, ba ɗan majalisa da ya ji a WhatsApp ba. Sefa ka canza ta zuwa naira nan gida wurin 'yan canjin da ka sani, ka raba kuɗin aljihu biyu ko uku, ka samu ƙananan takardu don ɗan acaba da mai shayi. Hanya dai Maraɗi, Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, Kano, sannan Jos. Tahiyar rana kawai. Ban yarda ka bi hanyar Jibiya da dare ba ko da wa ya ce maka lahiya lau ne, kuma kar ka ce za ka haɗa Maraɗi da Jos rana guda, ka kwana Kano.

Kwanan Kanon ma riba ne, ba asara ba. Da sahe ka shiga cikin birni ka nemi Gidan Makama, kusa da gidan sarki. Gida ne da asalinshi ke komawa zamanin Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, yanzu an maida shi gidan tarihi, ginin kanshi shi ne babban abin kallo. Nan za ka fara horar da idonka: duk ɗakin da ka shiga, kafin ka kalli abin da anka jera a ƙasa, ɗaga kai ka kalli rufi. Mutane da yawa sai su shiga su ɗauki hoton bindigogi da tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni su hita ba su ɗaga kai ko sau ɗaya ba. In ka samu sauran lokaci ka leƙa marinar Ƙofar Mata, zan gaya maka dalili can gaba.

Kayan da za ka riƙe ba su da yawa: kaye da bik ko kiriyo, metir na awo irin na maso, waya cike da caji da abin ƙara mata caji, ruwan sha, takalmi mara santsi. Kayen ya fi wayar amfani, wallahi. Hoto ɗari uku na dawo da su karon farko, yau ban san wane bango ne na wane gini ba, amma zanen da na yi da hannu, karkatacce da shi, har yanzu in na buɗe ina tuna kaurin bangon da inda ƙofa ke kallo.

In ka sauka Jos ka ce ma mai keke-napep ya kai ka "miziyam", haka suke cewa, ko ka ce gidan zu, kowa ya sani. Babban gidan tarihin an buɗe shi a 1952, wani Bature Bernard Fagg ne ya tsaya kanshi, kuma can ne ake ajiye kawunan yumɓu na Nok da anka tono wurin haƙar kuza. Akwai rumfar tukwane, akwai tsofaffin kawunan jirgin ƙasa. Duk suna da kyau amma kar su cinye maka sahiya, ka bar su sai ka dawo. Sashen gine-ginen yana cikin hili mai faɗi a gefen, wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, shi ya yi shekaru yana yawo yana auna gidaje da masallatai da fadodi a Najeriya, sannan a shekarun 1970 anka soma sake gina su nan da girmansu na asali, da hannun magina na gargajiya. Ka biya kuɗin shiga ka karɓi tikiti, ka tambaya tun a ƙofa ko ɗaukar hoto na da kuɗinshi daban, don kar a yi ta ja-in-ja daga baya. Kuma ka nemi ma'aikacin da zai zagaya da kai. Rubuce-rubucen wurin da Ingilishi suke, mu ko Faransanci munka yi a lakwal, amma Hausa na gudana a Jos kamar ruwa, ka gaida mutum da kyau, "ranka ya daɗe, daga Nijar nike, gini na zo koyo", za ka ga yadda zai sake maka. In kun gama ka ba shi na goro.

To yanzu ga ainihin aikin. Akwai kwafin ganuwar Kano da ƙofarta, akwai fadar Katsina, akwai masallacin Juma'a na Zazzau, akwai na Ilori, da gidajen wasu ƙabilu irin su Tibi. Kar ka ce sai ka ga duka daidai wa daida. Ka zaɓi biyu ko uku ka zauna musu. Kowane gini ka bi shi hawa uku: ka zagaye shi daga waje tukuna, sannan ka shiga ka tsaya shiru, sannan ka fiddo metir.

Daga waje abin da za ka duba shi ne bango. Ka lura ƙasanshi ya fi samanshi kauri, yana sirancewa yana hawa, don nauyi ya zauna ƙasa. In ka samu inda yaɓe ya ɓare, leƙa ka ga tubali: ba mai kusurwa huɗu ba ne irin wanda ake bugawa da mulu, mulmulalle ne da hannu mai gindi faɗi da kai tsini, ana jera shi tsaye ana cika tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Duba zankwaye a kusurwoyin soro. Duba indararo, ka ga nisan da yake jefa ruwa daga gindin bango, don ginin ƙasa ta wuri biyu yake mutuwa, ta kai da ta ƙafa, in ruwa ya kwanta bisa rufi ko ya taru a gindi to an gama. Tunda ginin ƙasa ne cikin gari mai ruwa, kana iya tarar da wani sashe ya tsage ko ya zube ko ana cikin gyara. Kar ka ɓata rai ka ce an cuce ka. A wurin mai koyo ɓarakar nan ta fi bango lafiyayye daraja, nan ne za ka ga hanjin ginin, yadda anka jera azara da yadda anka ɗaure ta.

Masallacin Zazzau shi ne wurin da za ka kashe awa guda ko fiye, ni dai saboda shi kaɗai ma tahiyar ta biya. Na asalin an gina shi a Zariya wajen shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, maginin shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu. Daga baya a shekarun 1970 an yi sabon gini na zamani ya lulluɓe tsohon, shi ya sa wanda ke son ganin siffarshi ta waje yadda take a da sai ya zo Jos. Cire takalmi in an ce ka cire, shiga, ka bari idonka ya saba da duhu. Abin da za ka tambayi kanka shi ne: mutumen da ba shi da ƙarfe, ba shi da siminti, yaya ya rufe hili mai faɗi haka?

Amsar tana cikin azara. Azara giginya ce da anka tsaga, gara ba ta cika cinta ba, tana daɗewa ƙwarai, amma in ka shimfiɗa ta ta ɗauki nauyin ƙasa ba ta son tazarar da ta wuce kusan metir 2, sai ta lanƙwasa. To ɗakin da ya fi haka faɗi fa? Nan gwanintar take. Magini sai ya dasa azara cikin bango ko ginshiƙi ta leƙo waje kaɗan, ya ɗaure ta da igiya ya yaɓe da ƙasa ya bari ta bushe, ya ɗora wata bisa ta ƙara leƙowa, daga wancan gefen ma haka, hawa-hawa har su haɗu a tsakiya. In an shafe da ƙasa sai ka ga baka mai santsi, shi ne bakan gizo. In bakuna da yawa sunka gitta juna sunka ɗauki rufi mai tulluwa, ka ji ana cewa ɗaurin guga, kuma sau da yawa za ka ga an manna tasa ko faranti a daidai inda sunka haɗu. Ka tsaya ƙarƙashi ka bi baka ɗaya da ido tun daga inda ya taso a ƙasa har inda ya sauka, ka zana shi, ka ƙirga bakunan, ka duba yadda anka jera gajerun azara a tsakaninsu kamar saƙar tabarma. Ka auna kaurin ginshiƙi da tazarar ginshiƙi zuwa ginshiƙi ka rubuta. Ka dubi zanen da anka ƙwaƙule jikin ginshiƙan tun ƙasar na ɗanye, ba fenti ba ne, da yatsu anka yi shi.

Sannan ka yi abin da ba ya hita a hoto: ɗora tafin hannunka a bango daga ciki da rana tsaka, ka hita ka ɗora daga waje. Bango mai kauri yana shanye zahin rana a hankali, kafin ya ratsa ya iso ciki rana ta faɗi, da dare kuma sai ya saki ɗumin lokacin da gari ya yi sanyi. Rufin ƙasa ma haka. Tol ko minti goma bai yi yake turo maka wutar duka. A Jos ba za ka ji bambancin sosai ba don garin da sanyi, amma ka ƙiyasta shi a Maraɗi cikin watan Afrilu da zahi ke haura digiri 40.

Tambayoyin da za ka yi ma mai zagayawa da kai, ko magini in ka yi sa'a ka tarar ana gyara: da me ake yaɓen waje, duk shekara nawa ake sabunta shi, wace ƙasa ake ɗiba, kwana nawa ake barin kwaɓi da ciyawa ya ruɓa kafin a yi aiki da shi. Za ka ji sunan makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ana haɗa ta a yaɓe don ruwa ya zame. Za ka ji laso, shi ko da katsi ake yinshi, wato abin da ke kwantawa a gindin karofin marina, shi ya sa na ce ka leƙa Ƙofar Mata, a haɗa da gashin jima da ruwan wani tsiro da ake ce ma dafara. Gashin jima kuwa ai mu masu jar akuya ba a gaya muna shi, majema na zubar da shi ne kawai. Ka ga ashe marini da majemi da magini duk sana'arsu a sarƙe take, in ɗaya ta mutu sai ta ja sauran, kuma wannan na cikin dalilan da sunka sa ginin ƙasa mai kyau ya yi wuya yanzu, ba wai don ƙasar ta ƙare ba.

Fadar Katsina kuma ka shige ta da sanin cewa gidan kakanni ne, tunda sarautarmu ta Maraɗi daga can ta taso. Nan ba rufi kaɗai za ka duba ba, tsari za ka duba. Ka lura ƙofar shiga zaure da ƙofar hita ba sa kallon juna, wanda ke waje ba ya hango cikin gida ko da ƙofa a buɗe take. Zaure, sai hili, sai wani soro, kowane mataki na tace wanda zai wuce: baƙo iyakarshi nan, aboki ya ƙara gaba, ɗan gida ya shige. Zana wannan a kaye kamar kana kallo daga sama, da kibiya mai nuna inda mutum ke bi. Ka kwatanta da gidajen da muke ginawa yanzu a sabbin lotisma, ƙofar ƙarfe guda, ana buɗe ta don mota ta shiga duk mai wucewa ya ga matar gida na wanke-wanke, sai a koma ana rataya labule ko buhu.

Wurin ganuwa kar ka daɗe, amma ka tsaya cikin ƙofar ka ga kaurinta. Ta Kano ta asali tun zamanin Sarki Gijimasu anka soma ta, wajen ƙarni na 12, kuma ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, har da gonaki da kududdufai, don in an yi ma gari ƙawanya a samu abinci da ruwa. Kududdufan nan ramukan da anka ɗebi ƙasar gini ne, su ne kuma ke shanye ruwan sama. Yau an cike da yawa an yi gini bisa, a Kano da ma garuruwanmu, sannan damina ta zo a yi ta salati.

In aljihu ko iyaka bai ba ka damar Jos ba, kar ka zauna. Gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, wanda anka kafa a 1959, yana da sashen da anka gina gidajen gargajiya na Hausawa da Zabarmawa da tantunan Buzaye da bukkokin Fulani, ka bi su da wannan hawa ukun. Damagaram ta fi kusa, kilomita 230 da 'yan kai, unguwar Birni da fadar sarki da zanen da ke fuskokin gidaje sun ishe ka kwana biyu, sai dai can gidajen mutane ne, ka yi sallama ka nemi izini kafin ka ɗaga waya. Ta wajen Tawa kuma akwai masallacin Yama da Alhaji Falke Barmu ya soma ginawa a 1962 har ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986, da Dandaji inda mai zanen gine-gine Mariam Kamara da abokiyar aikinta sunka maida tsohon masallaci ɗakin karatu sunka gina sabo da birgin ƙasa matsattse, an gama a 2018. Wannan na Dandaji shi nike nuna ma duk wanda ya ce mini ginin ƙasa ya wuce zamani.

Matakin ƙarshe a gida ake yinshi, kuma cikin satin da ka dawo, kafin abin ya huce. Ɗauki kayen nan ka tashi daga ƙofar fada da ƙafa, ka ratsa Bagalam da 'Yan Daka da Limanci, ka nemi sauran zaurukan ƙasa da ba a rushe ba, ka gaida dattijon da ke kan dakali ka tambaye shi wa ya gina, wace shekara, ina anka samo azara. Sannan ka hau kabu-kabu zuwa unguwar Ali Ɗan Sofo ko unguwar Zariya ta nan Maraɗi ka auna faɗin titi da taku, ka ƙirga itatuwan da ke ba da inuwa a layi guda, ka duba ina ruwa ke bi in an yi sama, akwai kanibo ko babu. Ƙanen nawa na ce mishi in ya dawo kar ya taɓa ɗakin kowa tukuna, akwai wani kangon ɗakin awaki a bayan gidanmu, metir 3 ne faɗinshi, ya fara gwada bakan gizo guda a can mu ga ko zai kai kaka. Azarar ma na riga na yi magana da wani mai saida itace a kasuwa, ya ce sai bayan salla za a kawo.